Fara iri-iri ce: yadda ake nazari da tantance farin yankin Sahel

Duk damina, daga Muritaniya har zuwa Cadi, labarin fara na cikin labaran da suka fi tayar wa manoma da makiyaya hankali. Sai dai kalmar fara guda ɗaya ta ƙunshi ƙwari iri-iri waɗanda rayuwarsu da abincinsu da girman ɓarnarsu suka sha bamban. Akwai wadda ke tasowa daga cikin hamada ta ratsa ƙasashe, akwai wadda ƙwanta ke kwance a gefen gona tun bara, akwai mai kwana a kan itatuwa, akwai kuma wadda ba ruwanta da hatsi. Matakin da hukuma za ta ɗauka, da kuɗin da za a kashe, da maganin da za a fesa, duk sun rataya ne a kan amsar tambaya guda: wace fara ce, kuma a wane mataki na rayuwarta take?

Ilimin da ke amsa wannan tambaya reshe ne na nazarin ƙwari, wanda a Faransanci ake kira acridologie. Yankin Sahel na cikin wuraren da aka fi zurfafa shi a duniya, saboda yunwar da fara ta sha jefa jama'a a ciki.

Mece ce fara a wurin masana

Fara ƙwaro ce mai ƙafa 6, biyun baya dogaye masu kaurin cinya saboda tsalle. Tana da fukafukai 4: biyu na sama masu ɗan tauri da ke rufe jiki, da biyu na ƙasa masu laushi da ke naɗe kamar mafici, waɗanda da su take tashi. Bakinta na tauna ne. Tana da dangantaka da gyare, amma raba su ba wuya. Ƙahonni biyu sirara da ke kan fara gajeru ne, na gyare kuwa dogaye ne kamar zare, sukan kai tsawon jikinsa ko su wuce. Kunnen fara yana gefen ciki, daura da gindin ƙafar baya, na gyare yana kan ƙafafun gaba.

Matakan rayuwarta uku ne: ƙwai, ɗa, da babba. Ba ta bi ta matakin tsutsa kamar malam-buɗe-littafi. Mace takan tura ƙarshen cikinta cikin ƙasa ta zuba ƙwai a ƙunshi guda, ta toshe ramin da wata kumfa da ke bushewa. Ɗan da ya ƙyanƙyashe yana kama da uwarsa, sai dai ba shi da fiffike. Yakan yi saɓa kamar maciji, galibi sau 5 ko 6, a saɓar ƙarshe fukafukai su fito cikakku.

Masana sun kasa fari gida biyu. Kashi na farko su ne waɗanda ke sauya hali da launi da siffa idan suka yi yawa a wuri guda, har su zama runduna mai tafiya tare. A Faransanci ana ce musu locustes, kuma a duk duniya ba su wuce iri 20 ko makamancin haka ba. Kashi na biyu, sauteriaux, su ne sauran fari da kan yawaita su yi ɓarna ba tare da irin wancan cikakken sauyi ba. A Afirka ta Yamma akwai ɗaruruwan ire-iren fara, amma kaɗan ne daga cikinsu ke cutar da amfanin gona.

Sassan jikin da ake dubawa

Launi shi ne abin da ido ke fara gani, kuma shi ne ya fi yaudara. Iri ɗaya kan fito kore a cikin ɗanyar ciyawa, ya fito ruwan ƙasa a busasshiya, har ya yi baƙi a inda aka yi gobarar daji. Don haka mai tantancewa yakan kama farar a hannu ya duba wasu wurare sanannu.

Na farko shi ne ƙarƙashin wuya, tsakanin ƙafafun gaba. Wasu fari suna da ɗan tsiro a wurin kamar ƙaramin turke, wasu ba su da shi. Wannan alama ita kaɗai tana raba manyan dangogi biyu.

Na biyu shi ne sirdin da ke bayan kai, wato farantin nan mai tauri da ya rufe wuya da kafaɗa. Ana duba ko yana da tudu a tsakiya ko ya lotsa, da yawan tsagogin da suka ratsa shi, da zanen da ke kansa.

Na uku shi ne fiffiken ƙasa. Sai an buɗe shi a hankali ake ganin ko garau yake, ko yana da ja ko rawaya a gindi, ko baƙin zane mai siffar jinjirin wata.

Na huɗu shi ne ƙafar baya: launin cikin cinya, launin ƙwauri, da ƙayoyin da ke jere a kansa. Daga nan sai idanu, domin wasu fari suna da layuka a tsaye a kan ido, kuma kowace saɓa takan ƙara layi. A ƙarshe ana duba ƙarshen ciki don sanin jinsi. Mace tana da ƙugiyoyi 4 masu tauri da take haƙa rami da su, na namiji kuwa a dunƙule yake kamar goshin kwalekwale. Mace ta fi namiji girma a kusan kowane iri.

Farar ɗango: ƙwaro ɗaya mai kama biyu

Wadda aka fi jin tsoro ita ce farar hamada, wadda kafafen labarai na Hausa ke kira farar ɗango, a Faransanci criquet pèlerin, a sunan kimiyya Schistocerca gregaria. Namijinta yakan kai santimita 6 zuwa 7 da rabi, mace 7 zuwa 9. Tana da tsiron ƙarƙashin wuya, fiffikenta na sama yana da ɗige-ɗige masu duhu, na ƙasa kuwa garau yake ba zane.

A mafi yawan shekaru tana zaune ne a warwatse cikin hamada, cikin halin da ake kira na kaɗaici. A wannan hali babbar tana da launin rairayi, ƴaƴanta kore ne, tana gudun ƴan uwanta, kuma da dare take tashi. Idan aka samu ruwa mai yawa a hamada ciyawa ta fito, sai ta hayayyafa. Da ciyawar ta fara bushewa, sai duka su taru a ƴan wuraren da suka rage da ɗanye, su riƙa gogar juna. Nan sauyi ke farawa. Ƴaƴan su zama rawaya da baƙi su riƙa tafiya a gungu, manyan da ba su isa haihuwa ba su zama ruwan hoda, waɗanda suka isa su zama rawaya shar, su riƙa tashi da rana a runduna.

Bambancin ya kai har masana na da suka ɗauka iri biyu ne, suka ba kowanne sunansa. Boris Uvarov, masani ɗan asalin Rasha da ya yi aiki a Landan, shi ne a 1921 ya nuna cewa fara ɗaya kan ɗauki kama biyu. A kan wata fara daban ya fara gano haka, daga baya aka tabbatar da shi a kan ta hamada. A 2001 masu bincike a jami'ar Oksfod ta Ingila suka nuna cewa yawan taɓa cinyar baya yana cikin abin da ke tayar da halin taro, a 2009 kuma aka gano cewa wani sinadari na jijiyoyi mai suna sirotonin ne ke kunna shi cikin ƴan sa'o'i. Hali ne ke fara sauyawa, launi ya biyo baya, siffar jiki kuwa sai an yi haihuwa bayan haihuwa. Shi ya sa ma'aikata ke auna tsawon fiffike da tsawon cinya da faɗin kai, su kwatanta su, don su san ko farar da suka kama ta jima da shiga halin taro ko yanzu ta kama hanya.

Alƙaluman hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, sun nuna dalilin tsoron. Babbar fara tana da nauyin kimanin giram 2, kuma tana iya cin kwatankwacin nauyinta kullum. Rundunar da ta rufe murabba'in kilomita guda takan ƙunshi fari miliyan 40 zuwa 80, kuma miliyan 40 na iya cinye abin da mutum 35,000 za su ci a yini. Runduna kan yi tafiyar da ta kai kilomita 150 a rana tana bin iska. Idan yanayi ya yi mata daɗi, yawanta kan ninka kusan sau 20 cikin wata 3. A lokacin lafiya tana cikin yanki mai faɗin murabba'in kilomita miliyan 16 a ƙasashe kimanin 30, a lokacin annoba kuwa takan iya shafar ƙasashe kimanin 60.

A Nijar wuraren hayayyafarta na damina su ne Tamesna da tsaunukan Abzin a jihar Agadas, da yankin kiwo na arewacin Tawa da Damagaram har zuwa Termit. A Mali akwai Adrar na Ifoghas da Timetrin da kwarin Tilemsi, a Cadi akwai Ennedi da Tibesti, sai kuma faffaɗan yanki a Muritaniya. Idan waɗannan wurare suka bushe a ƙarshen shekara takan nufi arewa zuwa Aljeriya da Maroko da Libiya, ta hayayyafa a can, ta dawo Sahel da farkon damina.

Sauran manyan ire-ire

Farar Senegal, Oedaleus senegalensis, ita ce ta fi yi wa hatsi ɓarna shekara bayan shekara, ko da yake sunanta bai kai na farar ɗango tashe ba. Ƙarama ce, ba ta wuce santimita 3 zuwa 4. Ba ta da tsiron ƙarƙashin wuya, a kan sirdinta akwai zane mai kama da gicciye, fiffikenta na ƙasa yana da rawaya a gindi da baƙin jinjirin wata. Ƙwanta ke yin rani a cikin ƙasa mai yashi, ya ƙyanƙyashe da ruwan shuka, ƴaƴan su afka wa hatsin da ya tsiro, har manomi ya sake shuka sau biyu ko uku. Takan haihu har zubi 3 a damina guda. Tana bin ruwa zuwa arewa, da kaka kuma iskar arewa ta dawo da ita kudu daidai lokacin da zangarniya ke da ruwan madara. Binciken da aka yi da na'urar rada a Mali cikin shekarun 1970 ya tabbatar da cewa da dare take wannan doguwar tafiya, a can sama inda ido ba ya gani.

Farar ƙaura ta Afirka, Locusta migratoria, tana son fadamu da wuraren da ruwa ke malala ya janye, musamman fadamar kogin Kwara a tsakiyar Mali da kewayen tafkin Cadi. Girmanta ya kusa na farar ɗango, amma ba ta da tsiron ƙarƙashin wuya, ƙirjinta yana da laushin gashi, kuma ciyawa da dangin hatsi kawai take ci. Ita ma tana da halin kaɗaici da na taro.

Farar itace, Anacridium melanorhodon, babba ce mai launin toka, da baƙin zane a gindin fiffiken ƙasa. Tana yini a kan ƙayoyi da aduwa da magarya, ta tashi da magariba. Ɓarnarta ta fi yawa a kan itatuwa, ciki har da dakwara mai ba da ƙaro, wanda Sudan da Cadi ke samun kuɗi da shi. Saboda girmanta da yadda take taruwa, sau da yawa akan kai rahotonta a matsayin farar ɗango. Kama da wane ba wane ba ne: buɗe fiffike ɗaya ya isa ya raba gardama.

Kraussaria angulifera ƙaƙƙarfa ce mai launin rawaya da ruwan ƙasa, zubi ɗaya take yi a shekara, takan zuba ƙwai a inuwar ƙananan itatuwa, ta shiga gonakin hatsi da wake a ƙarshen damina. Hieroglyphus daganensis koriya ce mai haske da baƙaƙen layuka a tsagogin sirdi, tana zaune a fadamu masu doguwar ciyawa, tana cin shinkafa da dawa. Ornithacris cavroisi babba ce mai farin layi a baya da ja a gindin fiffike, tana yin rani da ranta a cikin ciyawa, kuma tana cikin waɗanda ake kamawa don ci.

Akwai biyu masu ado da launuka waɗanda adonsu gargaɗi ne ga tsuntsaye. Zonocerus variegatus, mai wari, ta fi yawa a kudu inda ruwa ya wadata, tana cin rogo da kayan lambu. Poekilocerus bufonius kuwa ita ce farar tumfafiya: a kan tumfafiya take rayuwa, tana tara dafin itacen a jikinta, kuma ba ta cikin masu barazana ga hatsi.

Yadda ake bincike a daji

Aikin sa ido kan farar ɗango aiki ne na mota da ƙafa. Ayarin ma'aikata kan fita da motoci masu shiga yashi su yi makonni a daji, suna bin wuraren da hotunan tauraron ɗan'adam suka nuna an yi ruwa ko kore ya fito. A kowane zango ma'aikaci yakan sauka ya taka ƴan ɗaruruwan mitoci yana ƙidaya farin da suka tashi a gabansa, ya duba gindin ciyawa don neman ƴaƴa, ya lura ko a warwatse suke ko sun fara haɗa kai. Yakan tona ƙasa kamar tsawon tafin hannu ya ji ko akwai laima, domin mace ba ta zuba ƙwai a busasshen yashi. Yakan rubuta irin tsirran da ke wurin, da yawansu, da ko ɗanye ne ko sun fara bushewa. A Tamesna ana sa ido sosai a kan tsiron da Abzinawa ke kira alwat, wanda raƙuma ke so, saboda yana daɗewa da ɗanye bayan sauran ciyawa ta bushe, fari kuma sukan taru a cikinsa.

A da ana rubuta wannan bayani a takarda a aika ta rediyo. Yanzu ana shigar da shi cikin ƙaramar kwamfutar hannu mai suna eLocust, wadda ke aika shi ta tauraron ɗan'adam zuwa cibiyar ƙasa nan take, tare da ainihin wurin da aka tsaya. Daga 2020 an samar da irinta ta wayar salula.

Binciken farin gona ya ɗan bambanta. Da damina malamin gona yakan ƙiyasta murabba'in mita guda a gabansa ya ƙidaya abin da ya tashi daga ciki, ya maimaita sau da dama, ya fitar da matsakaici. Da rani kuma akan kankare saman ƙasa a wuraren da aka ga fari sun taru da kaka, a ƙidaya ƙunshin ƙwai, a duba nawa ne ke da rai. Wannan ƙidaya ce ke nuna garuruwan da ya kamata su shirya tun kafin ruwan farko.

Samfuri, littattafai da sunaye

Farar da ba a gane ba akan kama ta da raga, a kashe ta, a soke ta da allura ta musamman, a buɗe fiffike ɗaya, a busar da ita. Dole a maƙala mata ƴar takarda mai ɗauke da wuri da kwanan wata da irin tsiron da aka same ta a kai, domin samfurin da ba shi da wannan bayani amfaninsa kaɗan ne. Akan ɗauki hotonta tun da ranta, saboda launi yana dushewa bayan mutuwa. Daga nan sai a kwatanta ta da waɗanda ke ajiye a manyan ma'ajiyoyin ƙwari, irin na cibiyar IFAN da ke Dakar, da na cibiyar IITA da ke Kwatano, da na cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya.

Littattafan da ma'aikatan yankin suka fi dogara da su sun fito ne a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da fari suka addabi Sahel. A 1988 Jacques Mestre ya wallafa littafi mai zane-zane kan farin filayen ciyawa na Afirka ta Yamma. A 1989 My Hanh Launois-Luong da Michel Lecoq, na sashen binciken fara da ke Monpeliye a Faransa, suka fitar da ɗan littafin aljihu mai suna Vade-mecum des criquets du Sahel. A wannan shekarar kuma George Popov ya fitar da jagora kan ƴaƴan farin Sahel, wanda ya cike babban giɓi, domin tantance ɗa ya fi tantance babba wuya, alhali a matakin ɗa ne yaƙi ya fi sauƙi da araha.

Sunan kimiyya kalma biyu ne na Latin, ta farko ta dangi, ta biyu ta iri, kuma amfaninsa shi ne ma'aikacin Agadas da na Aljeriya da na birnin Rum su san a kan ƙwaro ɗaya suke magana. Hausawa ma suna da nasu rabe-raben. Ɗango a asali sunan ƴaƴan fara ne da ba su yi fiffike ba, babe kuwa babbar fara ce mai zaman kanta. Mata da yara masu kamun fara sukan bambance ire-ire da dama, su san mai mai da marar mai, da mace mai ƙwai. A 1980 wata mai bincike Bafaranshiya, Anne Luxereau, ta wallafa nazari kan farin yankin Maraɗi da sunayensu na Hausa. Abin lura shi ne suna ɗaya kan nufi iri daban daga gari zuwa gari, don haka ma'aikaci mai hankali yakan karɓi sunan gida, sannan ya nemi a nuna masa farar.

Hukumomin da ke wannan aiki

A Nijar aikin ya kasu biyu. Cibiyar yaƙi da fara ta ƙasa, CNLA, wadda aka kafa bayan annobar 2004, ita ke kula da farar ɗango, kuma daga Agadas ayarinta ke shiga hamada. Sauran fari da ƙwarin gona suna hannun hukumar kare shuke-shuke ta ma'aikatar noma. Mali da Muritaniya da Cadi su ma suna da cibiyoyinsu, kuma waɗannan ƙasashe 4 su ake kira na sahun gaba.

Hukumar CLCPRO, mai mazauni a babban birnin Aljeriya, ta fara aiki a 2002 da ƙasashen yammaci da arewa maso yammacin Afirka, don haɗa ƙarfinsu wajen rigakafi. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974 ƙarƙashin ƙungiyar CILSS, tana horar da ma'aikatan kare shuke-shuke tana kuma fitar da bayanan ruwa da tsirrai. Duk rahotannin ƙasashe suna taruwa a ofishin FAO da ke birnin Rum, wanda ke fitar da sanarwa kowane wata da hasashen makonni 6 masu zuwa. Ana nuna girman haɗari da launi: kore lafiya, rawaya a yi hattara, ruwan lemo barazana, ja haɗari.

Abin da tarihi ya nuna

Annobar farar ƙaura da ta taso daga fadamun Mali a 1928 ta mamaye mafi yawan Afirka kudu da Sahara har zuwa farkon shekarun 1940. A cikin wannan zamani ne yammacin Nijar ya yi fama da yunwar 1931, wadda ake tunawa da ita da sunan shekarar fara. Gano cewa annoba mai wannan girma daga ɗan yanki ƙarami ta fito shi ne tushen dabarar da ake bi har yau: a tsare mafari, kada a jira runduna.

Daga 1986 zuwa 1989 farar ɗango ta sake ɓarkewa, a daidai lokacin da farar Senegal ke ɓarna a gonaki. A watan Oktoban 1988 wasu rundunoni suka tsallake tekun Atilantika daga Afirka ta Yamma har tsibiran Karebiyan, tafiyar kimanin kilomita 5,000.

A ƙarshen 2003 an ga alamun taruwa a Muritaniya da Mali da Nijar da Sudan, kuma an yi gargaɗi, amma kuɗi da kayan aiki ba su iso da wuri ba. Da daminar 2004 rundunoni suka sauko Sahel daga arewa. Kafin a shawo kan lamarin a 2005 an fesa magani a kan hekta kimanin miliyan 13, an kashe fiye da dala miliyan 400. A Nijar ɓarnar fara ta haɗu da ƙarancin ruwa, abin da ya kai ga matsalar cimaka ta 2005. A 2012 kuma fari suka shigo arewacin Nijar da Mali daga kan iyakar Libiya da Aljeriya, inda rashin tsaro ya hana a yi maganinsu tun suna ƙanana. Har yanzu rashin tsaro na cikin manyan abubuwan da ke hana ayarin bincike isa wasu wuraren hayayyafa, musamman a arewacin Mali.

Amfanin da nazari ya haifar

Sanin rayuwar fara ya bayyana maƙiyanta na halitta. Tsutsotsin wasu ƙudaje da buzuzu suna cin ƙwanta a cikin ƙasa. Shamuwa da ke zuwa da damina da balbela da ke bin shanu suna cinye fari masu yawa. Maganin ƙwari mai kashe komai yakan hallaka wasu daga cikin waɗannan mataimaka, tare da ƙudan zuma, ya kuma gurɓata tabkuna.

Wannan ne ya sa a 1989 aka ƙaddamar da shirin bincike mai suna LUBILOSA, wanda cibiyoyin Kwatano da Yamai suka shiga, don neman maganin da zai kashe fara kaɗai. Abin da aka samu wata fumfuna ce mai suna Metarhizium acridum, kuma irin da aka yi amfani da shi daga jikin wata matacciyar Ornithacris aka ciro shi a Nijar. Ana gauraya garinta da mai a fesa, ta tsiro ta cikin fatar fara ta kashe ta cikin mako 1 zuwa 3. An gwada ta a kan farar Senegal a yankin Maine-Soroa cikin shekarun 1990, aka sayar da ita da sunan Green Muscle, kuma an yi amfani da irin wannan magani sosai a Somaliya lokacin annobar 2020. Tun da ba ta kisa nan take, ta fi dacewa da ƴaƴan fara da aka gano da wuri, nesa da gonaki. Amfaninta ke nan ya dogara da saurin ganowa da ingancin tantancewa.

Rawar manoma da makiyaya

Ayarin hukuma ba zai iya taka ko'ina ba. Sau da yawa makiyayi ko matafiyi ne ke fara ganin fara, kuma rahotonsa yana da daraja gwargwadon bayanin da ke cikinsa. Abubuwan da ma'aikata ke bukatar ji su ne: sunan wurin ko rijiya mafi kusa, ranar da aka gani, ko masu fiffike ne ko ƴaƴa, launinsu, ko a warwatse suke ko a gungu, inda suka dosa, ko an ga suna barbara ko suna tura ciki a ƙasa, da yaushe aka yi ruwa na ƙarshe. Hoton waya daga gefe, da wani na buɗaɗɗen fiffike, ko ƴan fari a cikin kwalba, sun fi dogon bayani amfani. Ana kai rahoto ga malamin gona mafi kusa, ko mai gari, ko ofishin magajin gari. Ƴaƴa masu rawaya da baƙi da ke tafiya tare, ko manya ruwan hoda ko rawaya da ke tashi da rana a taro, labari ne da bai kamata ya kwana ba.

Akwai kuma batun ci. Fara halal ce, abinci ce mai gina jiki, kuma sana'a ce ga mata da yawa a kasuwannin Yamai da Maraɗi da Damagaram da Kano da Maiduguri. Hukumomin lafiya da na noma suna gargaɗin kada a ci ko a sayar da farar da aka tsince a mace ko aka kama a inda aka yi feshi, domin suya ba ta kawar da guba. Haka kuma ba a zuba ruwa ko abinci a gangar da aka ɗauko maganin feshi, kuma akan janye dabbobi daga wurin da aka fesa har tsawon kwanakin da ma'aikata suka faɗa.